Direba Mai Jira A Bakin Ƙofa

Akwai wani wasa da mu shida muke yi kowace Asabar bayan la'asar, wanda ya jawo mana surutu iri-iri a makarantar nan. Waɗansu sun ce caca muke yi, don sun hango ƙwayar ludo a hannunmu. Waɗansu kuma sun ce sata muke koyo, don sun ji muna maganar makulli da 'yan sanda. Har an ce wani yaro ɗan aji ɗaya ya gaya wa mahaifiyarsa ran ziyara wai 'yan aji biyar sun ɓoye mota a bayan kicin. To, tun da yake wannan mujalla takan shiga hannun iyayenmu lokacin hutu, na ga ya kamata in yi bayanin wasan, musamman nawa rabon a cikinsa, watau aikin direban da ke jiran abokansa a waje don ya gudu da su.

Asalin irin wannan wasa daga Amurka yake. A shekarar 1974 waɗansu mutum biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da 'yan littattafai uku cikin kwali guda, suka sa musu suna Dungeons & Dragons. Kwafi 1,000 kacal aka fara bugawa, amma daga nan abin ya bazu duniya, har aka yi ta ƙago waɗansu wasanni masu kama da shi. Abin kamar tatsuniya ne, sai dai tatsuniyar ba ta mai ba da ita kaɗai ba ce. In kakarka tana ba ka labarin Gizo, ba ka da ikon cewa kada Gizo ya shiga ramin nan. A nan kuwa kai ne Gizon. Kowane ɗan wasa yana da takarda guda inda aka rubuta mutumin da zai zama, da garinsu, da abin da ya gwanance a kai, da abin da ba ya iyawa. Mutum ɗaya ne ba ya ɗaukar kowa, shi muke kira Mai Labari. Shi ne gari, shi ne ruwan sama, shi ne ɗan sanda, shi ne kare, shi ne tsohuwar da ke leƙe ta taga.

Wani abokinmu ne ya kawo wasan. Wansa ya koya masa lokacin dogon hutu, kuma da yake ba a barinmu da waya a makaranta, sai ya kwafe dokokin da hannu cikin littafin rubutu mai shafi arba'in. Ya ce an aro su daga wani wasa mai suna Apocalypse World, wanda ya fito a 2010. Ba su da wuya. In abin da ka ce za ka yi mai sauƙi ne, kamar buɗe ƙofar mota, to ka yi ke nan. In kuwa da haɗari a ciki, sai ka jefa ƙwaya biyu ka haɗa abin da suka nuna. In ka sami 10 ko fiye, buƙata ta biya. In ka sami 7 zuwa 9, ka samu, amma sai ka biya da wani abu. In 6 ce ko ƙasa, ka shiga uku, sai ka saurari abin da Mai Labari zai ce ya same ka.

Malamin da ke kula da gidanmu ya taɓa karɓe ƙwayoyin nan. Ya tambaye mu ko da kuɗi a ciki, muka ce ko kwabo babu, kuma ba mai ci ba wanda ake ci, gaba ɗaya ake tsira ko a nutse. Da yake shi ke koya mana lissafi, sai ya ce ba zai mayar ba sai mun kawo masa a rubuce yawan hanyoyin da ƙwaya biyu za su iya faɗuwa. Muka zauna muka ƙirga, hanya 36 ce. Daga ciki 6 kawai ke ba da 10 ko fiye, 15 na ba da 7 zuwa 9, sauran 15 faɗuwa ce. Amma wanda ya gwanance a abu ana ƙara masa 2 bisa abin da ya jefa, sai lissafin ya juye: cin nasara sarai 15, nasara da biya 15, faɗuwa 6. Watau ko gwanin direba, sau ɗaya cikin shida sai ya yi ɓarna. Malam ya duba, ya ce daidai, ya mayar mana bisa sharaɗin Asabar kaɗai. Ɗaya daga cikinmu ma ba ya taɓa ƙwaya, domin mahaifinsa ya hana shi kowane wasa da ita. Shi sai muka yanka masa 'yan takardu daga 1 zuwa 6 muka zuba cikin hula, ya zara ya mayar ya sāke zara. Lissafin ɗaya ne.

Labarin da muke ciki kuwa daga darasin tarihi ya samo tushe. Kowa ya san a 1897 sojojin Ingila suka ci birnin Benin da yaƙi, suka kwashe dubban kayan tagulla da na hauren giwa daga fada. Sa'ad da aka shirya bikin FESTAC a Legas a farkon 1977, fuskar Sarauniya Idia ta hauren giwa aka zaɓa ta zama alamar bikin, amma gidan tarihin da ke riƙe da ita a Landan bai ba da ko aronta ba, sai da aka sassaƙa wata. Mai Labarinmu ya ɗauki wannan ya gina nasa. Ya zana wani garin bakin teku a Ingila, wanda babu shi a taswira, a bayan tsohuwar kalanda. Ya sa wani attajiri a ciki, mai wani kan tagulla da kakansa ya gudo da shi daga Benin. Ya ce ga mu a watan Janairu na 1977, mu biyar, mun rantse sai mun mai da kan nan gida kafin a tashi daga biki.

Da aka zo rabon aiki, kowa ya yi wawar abin da ke da suna. Firifet ɗin ɗakinmu ya ce shi ne shugaba mai tsara shiri. Wani ya ɗauki mai daɗin baki, wanda zai shiga da kwat ya ce shi dillalin kayan tarihi ne. Wani ya ɗauki ƙato. Ƙaraminmu, ɗan aji huɗu, aka ba shi buɗe makulli. Direba ba wanda ya nema, ni na ce ina so, kuma ina da dalili.

Kakana na wajen uba direba ne, ya yi shekaru yana jigila tsakanin Kano da Jos. Ya koyi mota tun ana bin hannun hagu a ƙasar nan, kafin a koma hannun dama ran 2 ga Afrilu, 1972. Na sha jin labarin ranar daga bakinsa, yadda tsofaffin direbobi suka koma kamar 'yan koyo a kowane shataletale. Sai na rubuta a takardata cewa mutumina Bakano ne, ya fara daga karen mota, ya karɓi sitiyari kafin 1972. Saboda haka, na ce wa Mai Labari, titin Ingila ba baƙo ba ne gare shi, tun da su har yanzu hagu suke bi. Ya yi gardama kaɗan, sa'an nan ya yarda ba zai rage mini kome ba saboda baƙunci. Ka ji amfanin zama kusa da tsofaffi.

Wajen zaɓen mota muka yi babbar jayayya. Su ja suke so, mai ƙofa biyu, mai rugugi, irin ta fim. Ni kuwa na kafe kan Peugeot 504, wadda mutanenmu ke ce wa Fijo, kuma toka-toka. An fara ƙera ta a Faransa a 1968, aka shiga haɗa ta a Kaduna daga 1975, kuma a wannan shekarar ce ta ci tseren Safari na Kenya, saboda haka ba a raina ƙarfinta. Amma ba don ƙarfi na zaɓe ta ba. Mota mai ƙofa biyu, yaya mutum huɗu za su faɗa cikinta da gudu, ɗaya na rungume da tagulla? Ban da haka, jar mota kowa ya gan ta zai tuna. Ni wadda za a gani a manta nake so.

Abin da ban ji kowa ya faɗa ba game da wannan aiki shi ne yawan zamansa. Asabar uku muka yi muna shiri, a ta huɗu aka shiga gidan. Daga lokacin da suka tsallake katanga, labari ya bi su ciki. Suna raɗa, suna jefa ƙwaya, ƙato ya taka wutsiyar kyanwa, mai daɗin baki yana zuba wa maigadi ƙarya, ana ta dariya. Ni kuwa ina gefen tebur, hannu a haɓa, mutumina na zaune cikin mota a wani lungu. Wajen rabin sa'a ba a ambace ni ba. Wani da ya tsaya kallo ya ce, “Kai fa wasa kake yi ko gadi?”

Sai na roƙi Mai Labari ya riƙa leƙo titi lokaci-lokaci, ya gaya mini abin da nake gani ta madubi. Nan fa na gane ashe wajen ya fi cikin aiki. Abu na fari, a bar inji yana aiki ko a kashe? Janairu tsakiyar hunturu ne a Ingila. In na bar shi, hayaƙin salansa zai yi ta tashi fari cikin sanyi, duk mai wucewa ya san da mutum a motar. In na kashe, injin da ya huce ba lalle ya tashi da bugu ɗaya ba. Sai na tuna dabarar Kaka. Na nemi gangara a taswira, na juya hancin mota ƙasa, na kashe. Ko batir ya ƙi, in na saki birkin hannu ta gangara, na sa giya ta biyu na ɗaga kuloci, za ta tashi. Sa'an nan ga gilashi yana yin raɓa saboda numfashina, dole in sauke taga kaɗan in sha sanyi. Ga wata motar kaya ta zo ta tsaya ta tare rabin mafita. Ga ɗan sanda tafe a ƙasa, ba bindiga, kamar yadda galibinsu suke a can, abin da ya ba abokaina dariya ƙwarai. Ya ƙwanƙwasa taga ya tambayi abin da nake jira. Na ce maigidana nake jira, yana wajen liyafa. Na jefa, na sami 11. Ya ce in yi hankali da ƙanƙara a hanya, ya wuce.

Muna da wata dabara ta ƙirga lokaci. Mai Labari yakan jera marfin kwalba shida a tsakiyar tebur. Duk sa'ad da wani ya faɗi a jifa, sai ya ɗauke ɗaya. In sun ƙare, 'yan sanda sun iso. Na ciki kowa hankalinsa na kan ƙofar da ke gabansa. Ni da ba ni da ƙofa, marafan nan kaɗai nake kallo, suna raguwa, kuma ba abin da zan iya yi a kai. Ban taɓa zaton marfin lemo zai sa cikina ya ɗuri ruwa ba.

Saura marfi ɗaya sai ga shugaba ya diro, ga mai daɗin baki, ga ƙato da tagulla cikin buhu. Suka faɗa mota. Mai buɗe makulli babu shi. Ƙofar ƙarfe ta rufe da shi a ɗakin ƙasa, yana fama da ita. Mai Labari ya ce ana jin jiniya daga nesa. Ya dube ni ya ce, “Direba, me za ka yi? In ka ja yanzu, kun tsira, ba sai ka jefa ba. In ka jira, sai ka jefa, kuma abin da ya fito na kowa ne.”

Ɗaki ya kaure. Shugaba yana dukan tebur yana cewa, “Ja mota! Ni ne shugaba, na ce ka ja!” Ƙato ya ce abin da muka zo nema yana hannu, mutum ɗaya ba zai jawo a kama huɗu ba. Kuma in za a bi lissafi, ba su yi ƙarya ba: tafiya tabbas ce, jira kuwa sau ɗaya cikin shida halaka ce, sau da yawa kuma da hasara. Amma a dokarmu wanda aka kama mutuminsa ya fita daga labari sai wani zango. Yaron nan tun farkon zango yake gina nasa, har hotonsa ya zana da biro. Duk wanda ya yi makarantar kwana kuma ya san abin da ake nufi a ce ɗan aji huɗu ya sami wurin zama tare da 'yan aji biyar, sa'a biyu a mako ba mai aikensa ɗebo ruwa. Bai yi roƙo ba. Cewa kawai ya yi a hankali, “Siniya, saura kaɗan ta buɗe.”

Shugaba shi ke da umarni, amma ƙafar da ke kan totur tawa ce. Na ce ina jira.

Na jefa, 3 da 2 suka fito. Da ƙarin 2 ya zama 7, watau da kyar. Mai Labari ya ce yaro ya fito ya shiga, amma in zaɓi ɗaya cikin uku: ko buhun ya faɗi a titi, ko mota ta daki bango lagireto ya fashe, ko ɗan sandan ɗazu ya dawo ya ga fuskata sarai. Buhu ba nawa ba ne ni kaɗai, mota kuwa ita ce ƙafarmu duka. Na zaɓi fuska.

Gudun da kowa ke ɗoki, wanda saboda shi ake zaton ana zama direba, bai kai minti biyar a tebur ba. Jifa biyu ne, kwana ɗaya da wata ƙaramar gada. Da na fita babban titi sai na sauko zuwa mil 30 a sa'a, iyakar gudun cikin gari a can, na shiga layi bayan wata bas. Wurin da na fi so a duk labarin shi ne inda danja ta nuna ja, motar 'yan sanda ta zo ta tsaya daf da bayanmu. Na ce na taka birki, na sa sigina, na jira. Na baya suna kwance kan juna a ƙasan kujera, ƙato yana cewa wuyansa zai karye. Kore ta kama, muka bi hagu, su suka miƙe.

Game da zargin koyon sata, tun da nake wannan aiki na nemi labarin direbobin ɓarayi na gaske, kuma ban ga wanda zan yi sha'awar zama ba. Ɗaya daga cikin fashin farko-farko da aka sani an gudu da mota shi ne na birnin Paris ran 21 ga Disamba, 1911. Direban, Jules Bonnot, 'yan sanda sun harbe shi a watan Afrilu na 1912, wata huɗu ke nan. A Ingila a 1963 waɗansu suka tare jirgin ƙasa na gidan waya suka kwashi fam miliyan 2.6. Cikinsu har da Roy James, gwanin tseren mota, aka yanke masa shekara 30. Abin dariya, cikin abubuwan da suka tona asirin ƙungiyar har da allon wasan Monopoly da suka buga a maɓoyarsu, suka bar shatin yatsu a kai. A nan gida kuwa Lawrence Anini, wanda ya addabi Benin a 1986, da tuƙi ya fara, aka harbe shi ran 29 ga Maris, 1987. Doka ba ta raba na cikin gida da na cikin mota, wanda ya taimaka ɗaya yake da wanda ya aikata. Ko namu labarin, da yake kayan kakanni muka je ɗaukowa, Mai Labari bai taɓa cewa alƙalin can zai saurari wannan hujja ba.

Wanda na fi jin nauyin gaya wa shi ne Kaka, domin mutum ne da bai taɓa kwana a ofishin 'yan sanda ba, ga shi na ɗauki rayuwarsa na ba direban masu haura katanga. Da hutun tsakiyar zango na same shi a zaure na kwashe duka na gaya masa. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, “Kai, ja'iri! Duk sana'ar duniya ba ka ga wadda za ka sa ni ba sai wannan?” Na ce, “Kaka, ai kayanmu ne muka karɓo.” Ya ce wannan tsakanina ne da alƙali, shi abin da yake so ya ji, a ina na ajiye motar. Na gaya masa zancen gangara, ya gyaɗa kai. Ya tambaya ko na duba safaya da jak kafin mu fita, ko tanki cike yake, ko na goge lambar mota da taɓo. Na ce lamba na bar ta fes, don mai datti ita ke jawo ido. Ya ce to, da sauran hankalina. Da na zo kan yaron da ya makara, bai yabe ni ba ko kaɗan. Cewa ya yi a zamaninsu in fasinja ya sauka yin alwala a Saminaka, ko duk mota za ta yi ta zagi, sai an ƙirga kai kafin a tashi, don haka bai ga abin ba da labari a nan ba. Abin da ya dame shi ɗaya ne, don me na yi magana mai tsawo da ɗan sanda har ya riƙe fuskata.

Yanzu dai ga inda muke. Kan tagulla yana cikin but, naɗe da bargo. Jaridun garin sun buga zanen fuskar mutumina, saboda haka filin jirgin sama ya haramta gare mu. Saura kwana tara a rufe biki a Legas, a lissafin labari. Shugaba, wanda har yanzu yakan yi mini gorin ƙin bin umarni, yana so mu bar motar mu hau jirgin ƙasa. Ni na ce akwai jirgin ruwa na kaya a tashar garin, kuma wanda ke tuƙo kaya zuwa tasha ba a cika duban fuskarsa ba, takardunsa ake duba. Mai daɗin baki ya ce takardu aikinsa ne. Mai buɗe makulli ya ce a bar masa ƙofar sito. Abin da ya rage kawai shi ne mai ya yi ƙasa da kwata, kuma Mai Labari ya zana shingen 'yan sanda a kan gada ɗaya tak da ke shiga tashar.